Ciwon daskarewar jini na yayata gado ne? An dakatar da auren ƙanwarmu saboda shi

Malamin firamare, Ajingi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina rubuto wannan tambaya ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ajingi ta jihar Kano, kuma ina roƙon duk wanda Allah ya ba ilimin likitanci, ko wanda ya taɓa ganin irin wannan a gidansu, ya taimaka mana da bayani.

Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta yi ɓari sau uku a jere, kowanne kafin ciki ya cika wata uku, sannan ciki na huɗu ya kai wata bakwai aka haifi ɗan ba rai. Ba ta yi arba'in ba ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga sharaɓa har cinya, ta yi zafi, ta kasa taka ta. An ce sanyin jego ne, aka yi ta gashi da ruwan zafi har kwana biyar, da abin ya ƙi muka ɗauke ta zuwa Kano. A can aka yi hoton jijiya aka ga gudan jini ya toshe ta. Bayan an ɗebi jininta sau biyu, da tazarar wata uku a tsakani, likita ya ce tana da ciwon da ake kira antifosfolifid, wanda suke taƙaitawa da APS, ya kuma ɗora ta a kan maganin tsinka jini mai suna wafarin.

Abin da ya tayar da hankalin dangi shi ne an tuna cewa ƙanwar mahaifiyarmu ta rasu a cikin jego shekaru da yawa da suka wuce, numfashi ne ya sarƙe mata da daddare, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Yanzu kuma an sa ranar auren ƙanwarmu da ɗan kawunmu, wato ɗan yayan mahaifiyarmu. Dukkansu sun yi gwajin da dokar Kano ta 2024 ta wajabta kafin aure, ita AA ce shi kuma AS, ba a sami wata cuta ba. Duk da haka matar kawu ta ce jininmu ɗaya ne, ciwon a dangi yake, idan aka haɗa su za a yi gidan wabi, kuma kawu ya nemi a ɗaga bikin.

Shin ana gadon wannan ciwo kamar yadda ake gadon sikila? Auren zumunci yana ƙara haɗarinsa? Ya kamata mu kai ƙanwarmu a gwada ta kafin aure, har ma da 'ya'yana mata guda biyu? Ƙanwar tamu ta daina cin abinci, yayata kuma tana ganin ita ce ta jawo wa ƙanwarta wannan baƙin ciki.

Likita mai kula da cututtukan jini, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yayarka lafiya, ya jiƙan innarku. Ba a gadon wannan ciwo yadda ake gadon sikila, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya isa ya sauya hukuncin da danginku suke shirin yankewa.

A sikila akwai ƙwayar halitta guda ɗaya sananniya, wadda yaro ke karɓa daga uwa ya kuma karɓa daga uba, shi ya sa ake iya yin lissafi a ce idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Shi kuwa ciwon yayarka ba a haihuwar mutum da shi, daga baya yake tasowa. Asalinsa garkuwar jiki ce take yin kuskure, ta ƙera sinadaran yaƙi irin waɗanda ta saba turawa ga ƙwayoyin cuta, sai su juya kan wani furotin na jinin mutum kansa, wanda ke manne wa maiƙon da ke bangon ƙwayoyin jiki. Idan haka ta faru jini yakan yi saurin yin guda, a jijiyar ƙafa, ko a huhu, ko a ƙwaƙwalwa inda yake kawo shanyewar ɓarin jiki ga mai ƙuruciya, a wajen mai ciki kuma yana lalata aikin mabiyiya har abinci da iska su gaza isa ga ɗan tayi. Wani likita a Landan mai suna Graham Hughes ne ya haɗa waɗannan alamomi wuri guda ya bayyana su a matsayin ciwo ɗaya a 1983, don haka wasu ke kiran ciwon da sunansa.

Matar kawunku ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Akwai gidajen da aka samu mutum fiye da ɗaya da ciwon, kuma 'yan'uwan mai ciwon sun fi sauran jama'a yawan ɗauke da waɗannan sinadarai a jininsu, ko kuma wani ciwon garkuwar jiki dabam kamar lufus. An gano cewa wasu nau'o'in ƙwayoyin halitta na rukunin HLA, masu tsara aikin garkuwar jiki, suna da hannu a wannan. To amma abin da ke bin jini shi ne sauƙin kamuwa, wanda ƙwayoyin halitta masu yawa suke haɗuwa su samar, kowace da ɗan rabonta kaɗan. Misalinsa gonar da ke kwari ce: ta fi ta tudu saurin cin ruwa, amma sai damina ta yi nauyi, kuma akwai gonakin kwari da yawa da ba su taɓa nutsewa ba. Galibin masu wannan ciwo su kaɗai ne a danginsu, kuma galibin 'yan'uwansu da 'ya'yansu suna ƙare rayuwarsu ba su gan shi ba.

Daga nan za ka fahimci amsar batun auren zumunci. Haɗarin da likitoci ke jin tsoro a auren dangi ya fi ƙarfi ne a cututtukan da sai yaro ya karɓi gurɓatacciyar ƙwaya iri ɗaya daga ɓangarori biyu, sikila ce babban misalinsu a ƙasarmu. Wannan gwajin kun riga kun yi shi, kuma AA da AS ba sa haifar SS. Ciwon antifosfolifid ba ya cikin wannan layi, don haka ni a matsayina na likita ban ga hujjar fasa aure saboda shi ba. Ko da baƙo daga wani gari ƙanwarka za ta aura, abin da ya shafi jikinta yana nan yadda yake, domin a wannan ciwo lafiyar cikin tana rataye ne da jinin uwa.

Game da innarku, yadda ka siffanta rasuwarta ya yi kama da gudan jini da ya tashi daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu, sai dai bai kamata a ɗora shi a kan APS kai tsaye ba. Makonni shida na farko bayan haihuwa, waɗanda suka yi daidai da arba'in ɗinmu, su ne lokacin da kowace mace ta fi fuskantar daskarewar jini, ko da lafiyarta ƙalau. Haka kuma ciwon zuciyar da ke kama masu jego ya yi yawa a ƙasar Hausa, likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma shi ma yana sarƙe numfashi. Duk da haka labarinta yana da amfani, domin akwai cututtukan daskarewar jini da ake gado na haƙiƙa, inda ɗan mai ciwon ke da rabi da rabi na ɗauka, kamar ƙarancin furotin C, ko furotin S, ko antitirombin, wato sinadaran da ke hana jini yin guda. Akwai kuma wanda aka gano a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1994, amma shi a Turawa ya fi yawa, da wuya a same shi a Afirka ta Yamma. Ka tambayi likitan yayarka ko ya duba waɗannan, ka kuma gaya masa labarin innarku idan ba a gaya masa ba.

Ban ba da shawarar a gwada ƙanwarka ko 'ya'yanka ba muddin ba su taɓa yin gudan jini, ko ɓari, ko alamun lufus ba. Tsakanin mutum 1 zuwa 5 cikin 100 na masu cikakkiyar lafiya suna ɗauke da waɗannan sinadarai ba tare da wani ciwo ba, kuma samun su kaɗai bai mai da mutum majiyyaci ba. Abin da nake so ƙanwarka ta yi shi ne ta fara awo da wuri idan Allah ya ba ta ciki, ta faɗi tarihin yayarta da na innarta tun ranar farko, a riƙa auna hawan jininta a kai a kai, kuma kada ta fara shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin sai ta yi magana da likita.

Uwar biyu, Jahun

Salamu alaikum. Ɗan'uwana, ni ina da irin ciwon yayarka, kuma da na karanta rubutunka sai da na yi hawaye, domin kalmar wabi ɗin nan an jefe ni da ita shekara bakwai. Na yi ɓari biyar. An kai ni wajen masu magani, an ce iska ce, an ce maita ce, an ce mahaifata ce ba ta riƙe ciki, har aka fara ba mijina shawarar ya sallame ni. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zauna ta ƙirga cikunan da na rasa da watanninsu, ta rubuta mini takarda zuwa babban asibiti, sannan aka san abin da ke damuna.

Ka gaya wa yayarka cewa haihuwa ba ta ƙare mata ba. Ni da na sake samun ciki an ɗora ni a kan ƙaramin asfirin kullum, da allurar tsinka jini ta hefarin da ake yi a fatar ciki kowace rana tun daga farkon cikin har mako shida bayan haihuwa. Da farko mijina ne yake yi mini, daga baya na koya. Likitana ya ce da wannan magani fiye da mata 7 cikin 10 suna haihuwar ɗa mai rai, kuma Allah ya sa ina cikinsu har sau biyu. Allurar tana da tsada ƙwarai ga mutumin karkara, mu sai da muka sayar da awaki, saboda haka gara danginku su fara tanadi tun yanzu. Abu mafi muhimmanci shi ne wafarin da take sha yana cutar da ɗan tayi a watannin farko, don haka kada ta bari ciki ya zo mata ba shiri, kuma ranar da ta ga ɓatan wata ta je asibiti a ranar don a sauya mata magani.

Akwai abubuwan gida da ba kowane likita ne yake tunawa ya faɗa ba. Mai shan wafarin ba ta yin ƙaho, ba ta zuwa wajen wanzami don tsaga, kuma ko haƙori za a cire mata sai ta faɗa, domin jininta ba ya saurin tsayawa. Ganye irin su zogale, alayyafo da rama suna rage ƙarfin maganin idan aka ci su da yawa lokaci guda. Ba a hana ni cin su ba, an dai ce in daidaita, kada in yi kwaɗon zogale kullum da damina sannan in bar shi gaba ɗaya da rani. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi kuwa na bar su, haka ma maganin ciwon jiki na kemis, sai wanda likita ya amince. Ta kuma daure da zuwa gwajin da ake auna tsinkewar jini, wanda suke kira INR, nawa ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3.

Mu mata biyar ne a wajen mahaifiyarmu, ni kaɗai ce mai ciwon, sauran huɗun kowace tana da 'ya'ya, ɗaya ma ɗan baffanmu take aure. Sai dai a nan ina da ɗan saɓani da Likita, tare da girmamawa. Da ni ce ƙanwarka, da na so a gwada ni, ko don in sami takardar da zan nuna wa matar kawu. A ƙauye magana ba ta mutuwa sai an ga shaida, kuma yarinyar da ta shiga gidan miji da wannan zargi a kanta, ko ɓari ɗaya ta yi, wanda kowace mace tana iya yi, za a ce ga abin da aka faɗa.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Gaya

Hajiya, Allah ya raya miki 'ya'yanki. Na fahimci dalilinki sarai, amma ina so in bayyana wa Malam yadda gwajin yake, domin takardar da ake nema don kashe magana tana iya zama abin da zai hura ta.

Gwajin nan kala uku ne. Akwai wanda ake kira lufus antikowagulan, akwai antikadiyolifin, akwai kuma na furotin beta-2. Ƙa'idar da masana suka sabunta suka wallafa a 2006 bayan taron birnin Sidni na Ostareliya, ita ce ba a cewa mutum yana da ciwon sai gwaji ya nuna sau biyu da tazarar aƙalla mako 12, kuma sai ya kasance ya taɓa yin gudan jini ko matsalar ciki irin wadda aka ƙayyade: ɓari uku a jere kafin mako 10, ko mutuwar ɗan tayi lafiyayye daga mako 10 zuwa sama, ko haihuwa kafin mako 34 saboda jijjiga ko gazawar mabiyiya. Yayar Malam ta cika waɗannan sharuɗɗa, ƙanwarsa kuwa ba ta da ko ɗaya. Dalilin jiran mako 12 shi ne waɗannan sinadarai suna iya bayyana na ɗan lokaci bayan wata cuta, su kuma ɓace da kansu, kuma zazzaɓin cizon sauro yana cikin masu jawo haka. Ku duba yawan zazzaɓin da muke yi daga Agusta zuwa Oktoba. Idan aka gwada yarinyar nan sakamakon farko ya nuna wani abu kaɗan, wa zai iya riƙe dangi wata uku su jira na biyu? Idan kuma ya fito babu komai, bai zama alkawari na har abada ba, tunda ciwon yana iya tasowa daga baya.

Akwai wani abu da nake roƙon Malam ya riƙe saboda yayarsa. Gwajin tunjere da ake yi wa masu awo, wanda ake kira VDRL, da sinadarin kadiyolifin ake yin sa, wato ɗaya daga cikin abubuwan da garkuwar jikin mai APS take kai wa hari. Saboda haka yana iya nuna cewa tana da tunjere alhali ba ta da shi. Idan haka ta taɓa faruwa, kada kowa ya zarge ta ko mijinta, a nemi gwaji na biyu wanda yake neman sinadaran da jiki ke ƙerawa don yaƙar ƙwayar cutar tunjere kanta. Haka kuma gwajin furotin C da furotin S da Likita ya ambata ba ya ba da sakamako na gaskiya ga mai shan wafarin, furotin S kuma yana sauka da kansa a lokacin ciki, don haka likitanta ne zai zaɓi lokacin da ya dace, kada ta dakatar da magani da kanta don ta yi gwaji.

Malamin firamare, Ajingi

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa yayata amsar Hajiya jiya da daddare, kuma tun da aka sallamo ta daga asibiti ban ga ta saki fuska irin haka ba. Na kuma yi magana da kawu, ya ce a shirye yake ya saurara, amma yana so ya ji daga bakin likita da kunnensa. Saura tambaya ɗaya da yayata ta ce in yi wa Likita: idan Allah ya ba ta haihuwa, jaririn zai ɗauki ciwon daga cikinta ko daga nononta? Ta ji ana cewa mai shan maganin tsinka jini ba ta shayarwa.

Likita mai kula da cututtukan jini, Kano

Malam, ka kwantar mata da hankali. Wani ɓangare na waɗannan sinadarai yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin jariri, kamar yadda sauran sinadaran kariya na uwa suke shiga, amma aro ne, jikin jaririn ba shi ya ƙera su ba, kuma suna ɓacewa cikin watannin farko na rayuwarsa. Da wuya ƙwarai jariri ya yi gudan jini saboda su. Abin da muka fi sa wa ido shi ne haihuwa kafin lokaci da ƙarancin nauyi, shi ya sa za a riƙa yi mata hoton ciki a kai a kai, kuma dole ta haihu a asibitin da ke da likitocin mata da wurin kula da jarirai. Shayarwa kuwa ta halatta gare ta, wafarin da hefarin duka ba sa hana ba da nono.

Damuwar Hajiya a kan maganar gari gaskiya ce, kuma shawarar kawunku ita ce maganinta. Ku tafi da shi da matarsa ranar da yayarka za ta koma asibiti, idan ta amince a yi maganar ciwonta a gabansu, domin sirrinta ne. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen cututtukan jini da na mata masu ciki, mutanen Jigawa kuma suna iya farawa da manyan asibitocin Dutse ko Birnin Kudu. Kafin ranar, ka zauna da mahaifiyarku ka rubuta sunayen matan danginku na ɓangarenta, wadda ta yi ɓari da watan da ta yi shi, wadda ƙafarta ta taɓa kumbura, wanda ɓarin jikinsa ya shanye kafin ya kai shekara 50, da mai ciwon gaɓoɓi tare da ƙurajen fuska ko ciwon ƙoda. Idan takardar ta nuna mutum fiye da innarku, likitan zai iya sauya shawara a kan gwada ƙanwarka, ni ma zan sauya tawa. Ku riƙe katin asibitin yayarka da sakamakon gwaje-gwajenta biyu a hannu, kuma ƙanwarka ta je tare da ku.